KYAMARA MARAR MADUBI: JAGORA GA MAI SON FARA ƊAUKAR GAJEREN BIDIYO

Gabatarwa

Dattawa da yawa a ƙasar nan suna tunawa da zamanin majigi, lokacin da motar hukuma kan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, da dare jama'a su taru su kalli yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya. A wancan zamani ɗaukar hoto mai motsi aikin gwamnati ne, domin kayansa suna da nauyi da tsada. Ko da marigayi Adamu Halilu, ɗan ƙasar Adamawa, ya shirya fim ɗin Shehu Umar a 1976, sai da aka tara ma'aikata masu yawa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan sana'ar ta fara saukowa hannun talakawa.

Yau kuwa abin ya kai matsayin da saurayi ko budurwa a unguwar Luggere ta Jimeta za su ɗauki bidiyo na minti ɗaya da safe, kafin azahar an kalle shi a Kano da Garwa da Jidda. Wannan ya sa matasa da dama suna tara kuɗi, wasu ma suna cin bashi, domin su sayi irin kyamarar da ake kira marar madubi. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda wannan na'ura take, da yadda ake fara aiki da ita, don kada mutum ya zuba dukiyarsa a inda ba za ta amfane shi ba. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kyamara ba ta yin bidiyo mai kyau da kanta. Magana mai ma'ana, da murya mai fita sarai, da haske, da riƙon amana, su ne ginshiƙan aikin.

Mece Ce Kyamara Marar Madubi?

A cikin manyan kyamarori na da, akwai wani ɗan madubi a bayan gilashin gaba. Aikinsa shi ne ya karkatar da haske zuwa 'yar tagar da mai ɗauka yake sa ido. Idan an danna, sai madubin ya ɗaga sama, haske ya wuce ya faɗa a kan fim, ko a kan wani ɗan faranti mai karɓar haske wanda ake kira sensa. To, a sabuwar kyamara an cire wannan madubi gaba ɗaya. Haske yana faɗawa a kan sensa kai tsaye, ita kuma tana nuna hoton a allon baya. Saboda haka jikin kyamarar ya ragu, kuma mai ɗauka yana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ya danna.

Kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya fito da Lumix G1 a 2008, wadda ta buɗe wa irin waɗannan kyamarori kasuwa. Sony ya fito da A7 mai babbar sensa a 2013, sa'an nan Canon da Nikon suka fito da nasu manyan a 2018. Daga baya aka yi ƙanana musamman domin masu gajeren bidiyo, kamar Sony ZV-E10 a 2021, da Nikon Z30 a 2022, da Canon EOS R50 a 2023.

Sensa iri uku ce aka fi sani. Babbar tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, tana da kimanin milimita 23 da 15. Ƙaramar kuwa milimita 17 ce da 13. Kowace daga cikinsu ta fi ta wayar hannu girma nesa ba kusa ba, shi ya sa kyamara ta fi waya gani a wuri mai ƙarancin haske. Ga mai farawa, matsakaiciyar ta wadatar ƙwarai, kuma gilasanta sun fi araha.

Shin Lalle Kana Bukatarta?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya sa hannu a aljihu. Shafukan gajeren bidiyo, watau TikTok, da Reels na Instagram wanda aka fara a 2020, da Shorts na YouTube wanda ya bazu duniya a 2021, duk an gina su ne domin wayar hannu. Mutane da yawa sun yi suna a cikinsu ba su taɓa riƙe kyamara ba.

Shawarar da za a ba mai farawa ita ce ya fara shirya bidiyo guda goma da wayar da ke hannunsa. Idan ya gama goman bai gaji ba, kuma ya iya faɗin takamaiman abin da wayar ta kasa yi masa, to lokacin sayen kyamara ya yi. Tela zai iya cewa wayarsa ba ta fito da zaren aiki dalla-dalla. Mai abinci za ta iya cewa ɗakin girkinta yana da duhu. Waɗannan dalilai ne na gaskiya. Amma wanda dalilinsa shi ne don ya ga abokinsa ya rataya kyamara a wuya, gara ya bar kuɗinsa a jari. Kada kuma a ci bashi da fatan shafukan nan za su biya, domin sharuɗɗan biyansu suna sauyawa, kuma ba su daidaita tsakanin ƙasa da ƙasa ba.

Kayan Da Za A Fara Da Su

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗin duka a kan kyamarar kaɗai. Ya kamata a raba kuɗin yadda zai isa ga waɗannan:

1. Kyamara da gilashin da take zuwa da shi, misali mai milimita 16 zuwa 50. A lura, sau da yawa gilashin wani kamfani ba ya ɗauruwa a kyamarar wani kai tsaye, saboda haka zaɓen kyamara zaɓen dangin gilasai ne.
2. Makirufo ɗan ƙarami wanda ake maƙalawa a wuyan riga. A tabbata kyamarar tana da ramin sa makirufo.
3. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, wanda kansa yake iya kishingiɗa domin ɗauka a tsaye.
4. Batir biyu ko uku, domin irin wannan kyamara tana shan batir, wutar lantarki kuwa ba kullum ake samunta ba.
5. Katin ajiya mai alamar V30, watau wanda ke iya rubuta megabait 30 a kowane sakan ba tsayawa. Bidiyo mai nauyin megabit 100 a sakan yana cin kimanin megabait 750 a minti ɗaya, ke nan kati mai gigabait 64 zai ɗauki kusan minti 85.
6. Gilashin rage haske mai alamar ND, wanda za a yi bayaninsa nan gaba.

Idan ta hannu za a saya, kada a biya sai an gwada. A cire gilashin a duba sensa ko ta ƙarzu. A haska gilashin da tocila ko akwai fumfuna a ciki. A ɗauki bidiyo na minti goma a gani ko za ta yi zafi ta mutu. A kuma karɓi rasiti mai lambar kyamarar, domin kada a sayi kayan sata.

Fara Da Abin Da Za Ka Faɗa

Bari mu ɗauki misalin wani matashi tela a Luggere, wanda yake son mutane su san aikin hannunsa. Kafin ya taɓa kyamara, sai ya ɗauki takarda ya rubuta jimla ɗaya tak: "Zan nuna yadda ake gane aikin wuyan riga mai ƙarko." Idan abin da mutum zai faɗa bai shiga jimla ɗaya ba, to bidiyo biyu ne ko uku, sai a raba su.

Daga nan sai ya kasa minti ɗayan kashi uku. Sakan uku na farko su ne masu tsayar da mai kallo, domin yatsansa a shirye yake ya wuce. Saboda haka ba zai fara da doguwar gaisuwa ba, zai fara da nuna riguna biyu gefe da gefe, ɗaya zarenta ya warware, ɗaya tana nan daram. Sakan arba'in da biyar na tsakiya su ne na bayani: a juya rigar a duba bayanta, a ja zaren a hankali, a dubi tazarar ɗinki. Ragowar kuma ya taƙaita abin da ya faɗa, ya yi sallama.

Sa'an nan ya rubuta hotunan da yake bukata, iri uku. Na nesa, wanda ke nuna shagon da titin da yake. Na tsaka-tsaki, wanda ke nuna shi daga ƙirji zuwa sama yana magana. Na kusa, wanda ke nuna allura da yatsu da zare. Kowane hoto ya ɗauke shi sakan goma aƙalla, ko da sakan uku zai yi amfani da shi. Wanda ya fita da wannan takarda zai gama cikin awa ɗaya. Wanda ya fita ba ita zai cika katinsa ya dawo bai san inda zai kama ba.

Game da harshe, Jimeta gari ne na Hausa da Fulatanci da Turanci da sauran harsunan Adamawa masu yawa. Mutum ya yi magana da harshen da ya fi sakin jiki a cikinsa, sa'an nan ya sa rubutu a ƙasan hoton da wani harshen. Rubutun zai taimaki kurame, da wanda ke kallo a cikin mota ya kashe sauti.

Saiti Biyar Da Ya Kamata A Sani

Kyamara tana da maɓallai da yawa, amma biyar sun ishi mai farawa.

Na ɗaya, siffar hoto. Gajeren bidiyo a tsaye ake kallonsa, faɗi 9 tsawo 16, watau ɗigo 1080 da 1920. Hanya mafi sauƙi ita ce a kishingiɗar da kyamarar a ɗauka a tsaye. Idan an ɗauka a kwance, to a ɗauka a 4K, domin bayan an yanke gefe da gefe za a sami faɗin ɗigo 1215, wanda ya isa. Amma wanda ya ɗauka a kwance a 1080 ya yanke, faɗin ɗigo 608 kawai zai rage masa, hoton zai dusashe.

Na biyu, yawan hotuna a sakan. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri har ido ya ga motsi. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka kuwa sau 60. Saboda haka a ƙasarmu a sa kyamara a tsarin PAL, a ɗauki hotuna 25 a sakan, ko 50 idan ana son a rage gudun motsin daga baya. Kyamarar da aka sayo daga Amurka takan zo a kan 30 ko 60, kuma idan telanmu ya ɗauka haka a ƙarƙashin fitilar shagonsa, zai iya ganin hoton yana ƙyafƙyafta ko baƙin layi yana ratsa shi.

Na uku, saurin ƙiftawa, watau tsawon lokacin da sensa take shan haske domin kowane hoto. Ƙa'idar ita ce a ninka yawan hotuna sau biyu: ga hotuna 25 a sa 1/50, ga hotuna 50 a sa 1/100. Da haka motsi zai fito yadda ido ya saba gani. Idan da janareta ake aiki, juyawar wutarsa ba ta cika daidaita ba, sai a gwada a duba allo tukuna.

Na huɗu, ƙofar haske, wadda ake aunawa da harafin f. Ƙaramar lamba kamar f/2 tana nufin ƙofar a buɗe take sosai, haske yana shiga da yawa, bayan mutum kuma yana dusashewa. Babbar lamba kamar f/11 tana nufin ƙofar ta tsuke, na kusa da na nesa duk suna fitowa. A nan ne gilashin ND yake da amfani. A tsakar rana a Yola, idan ƙiftawa tana kan 1/50, sai an tsuke ƙofar har wajen f/22 kafin hoton ya daina yin fari fat. Mai son ya buɗe ta zuwa f/4 sai ya rage hasken sau 32, kuma aikin da gilashin ND32 yake yi ke nan. Tamkar baƙin tabarau ne ga kyamara.

Na biyar, ISO da launi. ISO ƙarfin da ake ƙara wa hoto ne idan haske ya yi kaɗan. A bar shi ƙasa gwargwadon iko, domin idan ya yi yawa hoton yakan yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Launi kuwa a tsayar da shi wuri ɗaya: kimanin 5600 a hasken rana, 3200 a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki. Wannan yana da muhimmanci ga tela, domin kada farar shadda ta fito ruwan ƙwai, mai saye ya ce an yaudare shi.

Ban da waɗannan biyar, a kunna tsarin da ke sa kyamara ta bi fuska ko idon mai magana da kanta.

Murya Da Haske

Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. Makirufon da ke jikin kyamara yana kwasar komai, ƙarar Keke Napep, da injin niƙa, da janaretan maƙwabci. A maƙala ɗan makirufo kimanin taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a sa masa hular gashi idan ana iska. A duba ma'aunin sauti a allo, ya riƙa kaiwa wajen lamba 12 ƙasa da sifiri, kada ya taɓa ja. A ɗauki sakan goma na gwaji a saurara kafin a ci gaba.

Haske mafi kyau kyauta ne. Shi ne na hantsi kafin rana ta take, da na bayan la'asar. A cikin ɗaki, mai magana ya fuskanci ƙofa ko taga, kada ya juya mata baya, in ba haka ba fuskarsa za ta yi baƙi. Farin ƙyalle ko farin kwali da aka riƙe a gefe yana mayar da haske ya cike inuwar fuska. Idan dole a ɗauka da tsakar rana, a shiga inuwar rumfa ko ta darbejiya.

Zafi Da Ƙura

Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamarorinsu suna aiki ne tsakanin sifiri da digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. A Yola kuwa zafin watan Maris da Afrilu yakan haura haka. Saboda haka a riƙa ɗauka a gajarce, a kashe kyamara tsakanin hoto da hoto, a janye allon baya daga jikinta domin ta sha iska. Kada a bar ta a cikin mota a rufe.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tun da babu madubi, da an cire gilashi sensa a fili take. A sauya gilashi a cikin ɗaki, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga, sai da 'yar robar hura iska da aka yi domin haka. Da damina, musamman ga masu aiki a bakin Binuwai ko tafkin Geriyo, a ajiye kaya a wuri busasshe, domin laima ita ke haifar da fumfuna a gilashi.

Haɗawa Da Ɗorawa

Bayan an gama ɗauka, a kwashe hotunan zuwa waya ko kwamfuta, a ajiye su a wuri biyu kafin a share katin. Akwai manhajojin haɗa bidiyo irin su CapCut da DaVinci Resolve. A yanke duk inda aka yi shiru ko aka maimaita magana. Rubutu kuma kada a sa shi can ƙasa ko a gefen dama, domin nan ne shafukan suke jera alamominsu. A fitar da bidiyon a 1080 da 1920, wannan ya isa, kuma zai rage cin data.

Doka Da Mutuncin Jama'a

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Bidiyo ya fi haka, domin da ya fita, wani ya riga ya adana shi ko da mai shi ya goge. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma sashe na 37 ya kare sirrin mutum da na gidansa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙarfafa wannan kariya. Saboda haka a nemi izinin mutum kafin a sa fuskarsa, a kasuwa ne ko a wurin biki. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa. Kada a ɗauki marar lafiya, ko gawa, ko wanda hatsari ya rutsa da shi domin neman 'yan kallo. Barikin soja da wuraren binciken jami'an tsaro ba wuraren ɗaukar hoto ba ne sai da izini.

Waƙa da kiɗa dukiyar masu su ce. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Wanda zai tallata hajarsa da waƙar wani, ya nemi izinin mai ita.

Haka kuma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan saƙon barazana da ƙaryar da aka yaɗa domin ta da hankalin jama'a. Dokokin ɓata suna na jihohi su ma suna aiki: a Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu hukuncin bulala da tara saboda wani bidiyon barkwanci da suka ɗora a kan gwamnan jihar na lokacin.

Akwai kuma amanar da ta wuce tsoron kotu. Mutanen Adamawa sun ga ambaliyar Binuwai a 2012 da 2022. Wanda ya ɗauko hoton waccan shekara ya ɗora ya ce na yau ne, zai iya sa iyali su bar gidansu a banza, ko kuma ya sa jama'a su ƙi gaskata gargaɗi ranar da ruwan ya zo da gaske. Duk bidiyon da ya shafi wani abin da ya faru, a faɗi wurin da ranar da aka ɗauke shi.

Kammalawa

Mai karatu, idan ka ƙudura niyyar shiga wannan aiki, ga tsarin wata guda. A makon farko ka karanta littafin kyamararka, ka gwada saiti biyar ɗin nan a tsakar gida. A na biyu ka koyi murya da haske. A na uku ka rubuta jimlarka ɗaya, ka ɗauki hotuna iri uku, ka haɗa bidiyon minti ɗaya. A na huɗu ka nuna wa wani babba da zai gaya maka gaskiya, ka gyara, sa'an nan ka ɗora. Na farko ba zai yi kyau yadda kake so ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

A Luggere da sauran unguwannin ƙasar nan akwai maɗinka, da masunta, da maƙera, da masu girki, da malamai, waɗanda iliminsu bai taɓa wuce ƙofar gidansu ba. Aikin da a da sai motar majigi take yi, yau yana hannunka. Ka nuna abin da ka sani, ka faɗi gaskiya, ka kiyaye mutuncin wanda ka ɗauka.